Binciken kasuwa ta waya ya wadatar, ko sai an taka ƙasa?

Mai Manhaja: Jama'a, ni a ganina tura yara da takarda su zaga Babbar Kasuwar Gombe suna tare mutane da tambaya ya zama ɓarnar kuɗi. A shirya tambaya 10 a Google Forms, fam ɗin da ake cikewa ta intanet, a watsa ta WhatsApp, kafin dare amsa ta taru. Kuma mutum 384 sun isa a samu sakamakon da kuskurensa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Malamin Ƙididdiga: Ƙanena, lissafin 384 gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai an zaɓo mutanen kamar da ƙuri'a, kowa na da damar faɗowa daidai da kowa. Wanda ya ga fam a WhatsApp ya cike, shi ya zaɓi kansa. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsa sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa, sai Roosevelt ya lashe zaɓen da rata mai yawa. Yawancin sunayen daga littafin masu tarho da rajistar masu mota ta kwaso su, wato masu hali. Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutum kusan 50,000 ya faɗi wanda zai ci. In ɗiban ya karkace, yawa ba ya miƙe shi.

Hajiya Dila: Malam, bari in ɗora. Sinadarin ɗanɗano, omo, madarar gari, wa ke yanke wanda za a saya? Maigida ya ba da kuɗin cefane, uwargida ta faɗi suna, yaro ya ruga shago. In ka kira waya, maigida ne zai ɗauka, shi kuwa bai san ko wane sabulu ne a banɗakinsa ba. Sai mace ta yi sallama ta shiga gida, bayan azahar an sauke tukunya, ta ce a nuno mata ledar da aka yaga yau. Ledar ita ce amsa. Sannan a Dukku a tafi da mai jin Fulatanci, a Billiri da Kaltungo mai jin Tangale, don ba kowace dattijuwa ke sakin baki da Hausa ba.

Mai Manhaja: Na karɓi wannan, Hajiya. Amma takarda dai ta mutu. KoboToolbox da ODK, manhajojin cike fam a waya, suna aiki ko babu intanet, sai an dawo gari a tura. Suna riƙe wurin da aka yi hirar da lokacin farawa da gamawa. Hirar minti 15 in ta ƙare a minti 3, ko fam 20 suka fito daga wuri ɗaya, ka san a gindin darbejiya aka zauna aka cike su. A kuma sake tuntuɓar mutum 1 cikin 10 a tabbatar an je.

Malamin Ƙididdiga: To ai ka sauya zance. Wannan taka ƙasa ce da waya a hannu, babu mai musu a kanta.

Alhaji Mai Sari: Ku duka kun dogara da baki, ni kuwa aljihu na yarda da shi. Mutanenmu akwai kara. Ka miƙa wa mutum ɗanɗano kyauta ka ce zai saya? Zai ce "in sha Allahu, ai ya yi daɗi", don kada ya kunyata ka. Ko Coca-Cola an yi musu haka: sun ɗanɗana wa mutum kusan 200,000 sabon haɗi, suka fito da shi a 1985, ba a cika wata uku ba suka dawo da tsohon. Ga abin da ke aiki. A samu shago 12 a saka musu kayan da ake son gwadawa, a raba su da ƙuri'a, 6 a farashi ɗaya, 6 a wani, kuma kada su zama maƙwabta, in ba haka ba masu saye za su tsallaka wajen mai araha. Duk mako a ƙirga: abin da ke kan kanta a farko, a haɗa da sarin da ya shigo, a cire abin da ya rage. Mako 4. Makon farko kada ya ruɗe ku, marmarin sabon abu ne, wanda ya dawo ya sake saye shi ne ciniki. A guji azumi da jajiberin Sallah, a kuma lura da ƙarshen wata, don Gombe gari ne na 'yan albashi. In kaya ya ƙare a shago ranar Laraba, sifilin Alhamis ba ƙin saye ba ne, rashin kaya ne, a rubuta shi daban.

Hajiya Dila: Alhaji, a gwada girman ƙulli ma, ba farashi kaɗai ba. Madarar Cowbell da ƙaramar leda ta shiga gidaje tun 1993, lokacin da gwangwani ya fi ƙarfin mai sayen na yau da yau.

Mai Manhaja: To me zai hana a karanta cinikin daga na'urar POS, irin ta Moniepoint da OPay? Babu kara a ciki.

Malamin Ƙididdiga: Rasit ɗin POS kuɗi yake nunawa, ba ya cewa shinkafa ce ko taliya. Ƙananan ciniki har yanzu yawanci tsaba ne, bashin littafin mai shago kuma ba ya shiga sai ranar biya. Wanda ya duba cinikin POS na farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, zai ɗauka kasuwa ta buɗe, alhali hanyar biya ce ta sauya. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023: ba a kwasar lambobin masu saye a yi ta kiransu haka kawai. Alhaji, naka ma da gyara. Shago 6 da 6 sun yi kaɗan, shago ɗaya a bakin tasha zai rinjayi lissafin duka. Bayan mako 2 a musanya farashin tsakaninsu.

Alhaji Mai Sari: A takarda ya yi kyau, Malam. Amma je ka ce wa mai shago a Tudun Wada ya ƙara wa kwastomansa kuɗi bayan mako 2, ka ji abin da zai faɗa maka. Gara a ninka shagunan su zama 24.