Na'urar auna pH ta ƙi tsayawa a lamba ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kiwon tarwaɗa a Bukuru, kusa da Jos, da ruwan rijiyar burtsatse, kuma na'urar auna pH (wato ma'aunin tsamin ruwa) ta hannu ta hana ni sukuni. Na saita ta da ruwan gwaji mai pH 7.00 da mai 4.01, ta karɓa. Amma da na tsoma ta cikin tankin kifi sai lambar ta yi ta yawo tsakanin 6.2 da 8.1. Na sauya batir, na ɗauraye bakin gilashin, na jira hantsi saboda sanyin Jos, duk a banza. Sai dai bakin ya yi wata biyu a bushe cikin hunturu, ko ɗigo babu a murfin. Jiƙa shi cikin ruwan KCl (ruwan gishirin potassium da ake ajiye bakin na'urar a ciki) zai farfaɗo da shi, ko sai na sayi sabo?