Jita mai araha: in canja mata kaya ko in sayar in sayi wata?

Mai tambaya, ɗalibi a Zariya

Salamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan jitar lantarki da na saya ta hannu bara da damina. Ƙirar Stratocaster ce amma ba ta Fender ba, irin masu arahar nan ce da ake ƙerawa a ƙasar Sin, mai fikof uku sirara (wato maganaɗisun da ke ɗaukar muryar tsirkiya) da makunni mai mataki biyar na zaɓar fikof. Lokacin da na saye ta lafiya lau take. Tun da hunturu ya shigo abubuwa suka taru mini. Tsirkiya ta uku ba ta zama a saiti, da na ɗan ja ta sai murya ta sauka. Bakin firet-firet, wato ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, ya fito ta gefen wuya yana karce mini hannu. Tsirkiyoyin sun yi nisa da katako har yatsuna na ciwo. In na jona da amfilifaya kuwa ƙugi take yi, balle in an tayar da janareta. Ranar nan ma a wurin gwaji leɓena ya taɓa makirfo ina riƙe da tsirkiya, na ji wuta ta ɗan fizge ni.

Niyyata in yi odar fikof na Seymour Duncan guda uku, da sababbin kunnuwan saiti masu kulle tsirkiya, da jaki mai nauyi, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita. Da na duba, kuɗin fikof ɗin kaɗai ya fi abin da na biya jitar. Abokina ya ce asara ce. Kiɗan Agadas nake koyo, irin na Bombino da Mdou Moctar. Don Allah me ya kamata in fara da shi?

Dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya, Kano

Wa alaikumus salam yarona. Ajiye zancen fikof tukuna, maganar wutar nan da ta fizge ka ita ce babba. A jitar lantarki akwai wata siririyar waya da ke haɗa jaki da wayar ƙasa, saboda haka duk sanda ka dafa tsirkiya, jikinka a haɗe yake da jikin amfilifaya. In soket ɗin da kuka jona ba shi da wayar ƙasa, ko an karye ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket mai rami biyu, ko kuma amfilifayar na yoyon wuta, to kai ne hanyar da wutar za ta bi zuwa makirfo. Wutarmu bolt 230 ce. An rasa makaɗa ta wannan hanya a kan dandamali, ba abin wasa ba ne.

Kada ka sake jonawa sai an gwada. A sa mita tsakanin tsirkiya da kan makirfo, a ga ko akwai wuta. Amfilifaya da mikisa su sha daga layi ɗaya mai wayar ƙasa ta gaske, janaretan ma a kafa masa ƙarfe a ƙasa. Kuma ko wa ya ce ka yanke wayar nan ta cikin jita don ka huta, kada ka yarda, ƙugin zai ƙaru kuma ciwon yana nan a amfilifaya.

Makaɗin coci, Jos

Baba ya faɗi gaskiya, a fara da wannan. Ƙanena, sauran abubuwan da ka lissafa, ban ga wanda sabon fikof zai gyara ba. Fikof yana ɗaukar abin da tsirkiya ta ba shi ne kawai. Jitarka saiti take so, kuma hunturu ne ya taɓa ta. Katakon jita ya fi son damshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da 20. Katako ya tsuke, ƙarfen firet bai tsuke ba, shi ya sa bakinsa ya fito. Jita mai tsada ma haka take yi a nan. Ka manna salatef na takarda a gefen katakon, ka bi bakin kowane firet da ƙaramin magagari a hankali, hannu ɗaya zuwa ƙasa. Yanzu ne lokacin yi, tun iska na bushe, in ka yi sau ɗaya da wuya ya dawo.

Sai wuya. Ka sa sababbin tsirkiyoyi tukuna, masu lamba 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46, duk wanda ka saba. Ka danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Ma'aunin da Fender ke bayarwa wajen milimita 0.25 ne. In ba ka da ma'aunin rata irin na makanikai, guntun tsirkiya ta farko daga saiti mai lamba 10 kaurinsa ke nan daidai, ka zura shi. In ratar ta yi yawa, ka ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya da alanki, juyi zuwa dama, kwata ɗaya kawai, ka bar ta ta huta kafin ka sake aunawa. In ta cije kada ka matsa mata, ka kai wa mai gyara. Wanda ya karya wannan sanda ya kashe wuyan.

Bayan haka ka sauke tsayin tsirkiya daga kan jaki har ya zama wajen milimita 1.6 a firet na 17. A ƙarshe ka gwada kowace tsirkiya a buɗe, ka gwada ta a firet na 12. In ta 12 ta fi tashi, ka ja ɗan sirdinta baya. In ta yi ƙasa, ka matso da shi gaba. Ka bi wannan jeri kada ka tsallake, domin kowanne na taɓa na bayansa.

Tsirkiya ta uku kuma, ina kyautata zaton ba kunnuwa ba ne. Ka saurara lokacin da kake murɗa kunnenta. In ka ji ɗan ƙara "tin" sannan murya ta yi tsalle, to maƙalewa take a nat, wato ɗan farin robar nan mai tsagogi shida da ke ƙarshen wuya. Ka goga bakin fensir a cikin tsagar. In bai isa ba, ka naɗe guntun tsohuwar tsirkiya da samfefa mai laushi ka ɗan buɗa gefen tsagar, ban da zurfafa ta. Kuma zagaye biyu zuwa uku ya isa a jikin kunne, mutane na tara tsirkiya a wurin sannan su ce kunne ne ke zamewa.

Wani ɗan'uwa mai situdiyo, Kaduna

Ni dai ra'ayina daban. Abokinka ya yi gaskiya. Duk abin da ka zuba a jitar da ba ta da suna, ranar sayarwa ba wanda zai biya ka shi. Ka haɗa kuɗin fikof da abin da za a ba ka in ka sayar da ita, ka nemi Yamaha Pacifica 112 ko Squier ta hannu mai lafiya. Fender ce ke fitar da jitocin Squier tun 1982, kayan gyaranta a ko'ina ana samu. Mutane da yawa sun zo mini da jitar da aka canja wa komai, in muka ɗauki sauti sai ka ji wuyan ne karkatacce.

Makaɗin coci, Jos

Ɗan'uwa, ban ƙi taka ba, amma ai bai san ko wuyan nasa na da kyau ba sai ya yi saiti. Ƙanena, ga gwajin da zai raba gardama. Ka ɗaga jitar ka hango wuyan daga kai zuwa jiki. In gefe ɗaya ya lanƙwasa daban da ɗayan, ya murɗe ke nan, ka bi shawarar mai situdiyo. In miƙaƙƙe ne, sandar ciki na juyawa, kuma bayan saiti ba firet ɗin da ke kashe murya, jitar ta cancanci a kashe mata kuɗi daidai gwargwado.

Wata 'yar'uwa mai odar kayan kiɗa, Abuja

Ƙanena, tunda maganar oda ce bari in sa baki, don nan ne ake yawan kuka. Kayan Amurka da inci ake auna su, jitocin Asiya da milimita. Ka sami rula ka auna komai kafin ka tura ko sisi.

Jakin Fender na asali tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta shida wajen milimita 56 ce, a yawancin masu araha kuwa wajen 52 da rabi. In ka sayi mai faɗi, ramukan sukurori shida ba za su hau ba, in ma ka tilasta tsirkiyoyin gefe za su riƙa zamewa daga bakin firet. Sannan jikin irin jitarka sau da yawa ya fi na Fender sirantaka, saboda haka dunƙulen ƙarfe mai nauyin da kake so zai iya leƙowa ta baya har murfi ya ƙi rufuwa. Kunnuwa na zamani ramin milimita 10 suke so, wasu jitocin raminsu bai kai haka ba. Bolum na kamfanin CTS wuyansa ya fi ramin murfin gaba kauri, sai an buɗa, kuma hular tsohon bolum ɗinka ba za ta shiga kansa ba don haƙoransu sun bambanta. Duk abin da ka cire ka adana a leda. In za ka sayar wata rana sai ka mayar da tsofaffin, ka riƙe masu kyau, wannan ya rage asarar da mai situdiyo ke magana.

Makaɗin biki, Agadas

Barka da ƙoƙari ƙanena, na ji daɗi da kiɗanmu kake nema. Kada kowa ya sa ka cire sirarran fikof ɗin nan ka sa masu kauri. Muryar da kake ji a wurin su Bombino, mai kaifi mai tsabta wadda kowane bugun yatsa ke fita daban, daga irin naka take fitowa. Mdou Moctar kansa da jitar da ya haɗa da hannunsa ya fara, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Abin da kiɗan nan ke so shi ne tsirkiya ta kwanta kusa da katako, domin yatsun hagu ne ke yawan aiki, dannawa da saki da sauri. Mu nan ƙura ce abokiyar faɗanmu. Kowane dare bayan biki ina share tsirkiya ɗaya bayan ɗaya da tsumma, kuma ba na barin jita a mota da rana. In ba ka amfani da sandar karkarwa da ke jikin jaki, ka ɗaure sifirin da ke bayan jita har jaki ya kwanta a jiki, saiti zai zauna maka.

Wani matashi, Maraɗi

Ni na canja fikof kuma na ji bambanci, kada a hana shi gaba ɗaya. Nawa na asali masu maganaɗisun seramik ne a manne a ƙasa, na sa masu alniko, muryar ta yi taushi ta daina huda kunne. Shahararren makaɗin jita Eddie Van Halen ma da gangar jiki da wuya masu araha ya haɗa jitarsa, ya dasa mata fikof na kamfanin Gibson. Sai dai ba lallai ka sayi mafi tsada ba, akwai Wilkinson da Tonerider. Kafin nan ka gwada tsayin naka. Ka danne firet na ƙarshe, ka bar wajen milimita 2 tsakanin tsirkiya mai kauri da kan fikof, 1.6 a ɓangaren siririya. In ya matso da yawa maganaɗisu na jan tsirkiya.

Dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya, Kano

Bari in ƙarasa maka zancen ƙugi, yarona. Siririn fikof naɗin waya ɗaya ne, yana kwasar kukan wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa. Na tsada ma yana yi. Dalilin da ya sa injiniya Seth Lover ya ƙera wa Gibson fikof mai naɗi biyu ke nan, aka fara sa shi a jitocinsu a 1957. Ka sa makunninka a mataki na 2 ko na 4. In ƙugin ya faɗi, fikof ɗinka na tsakiya an naɗe shi a juye kuma komai lafiya. In ka dafa tsirkiya ƙarar ta ragu, haka ya kamata. In ba ta canja ba, wayar jaki ta cire. In ta ƙaru, ka duba ko an juya wayoyi biyu na ramin jona kebul.

Ka kawo wa kowane mai gyaran rediyo, ya shimfiɗa salatef na jan ƙarfe a cikin ramukan jiki da bayan murfi, ya haɗa shi da wayar ƙasa da dalma. Wannan na rage tsitsin fitilu da caja, ba ya kashe ƙugin duka. In bolum na ƙarar yashi a wanke shi da feshin wanke lantarki, in za a canja a sa mai 250k, shi ne na sirarran fikof. Kebul ɗinka ma ka gwada wani.

Mai tambaya, ɗalibi a Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, an duba, soket ɗin ɗakin gwajinmu ba wayar ƙasa ko kaɗan, mun daina jonawa a can sai mai wayarin ya zo. Yayana na Jos, wuyan miƙaƙƙe ne, kwata biyu na juya a kwana biyu ratar ta dawo daidai. Na ji "tin" ɗin nan a tsirkiya ta uku, fensir ya rage amma bai kashe ba. A mataki na 2 da na 4 shiru take. Na fasa odar jaki da kunnuwa. Tambayar da ta rage: nat ɗin in sa na ƙashi ko na TUSQ, wato roba mai tauri da ake sawa a madadin ƙashi? Kuma firet na 14 na ɗan kashe tsirkiya ta biyu in na ja ta sama.

Makaɗin coci, Jos

Kowanne ya yi, amma in da kanka za ka sa, ɗauki TUSQ wanda aka riga aka tsaga, ka auna faɗi da kaurin tsohon, ka duba ko gindinsa a miƙe yake ko a lanƙwashe. Daga ƙasa ake rage tsayinsa a kan samfefa, kaɗan-kaɗan kana gwadawa, ɗigon gam biyu ya isa. Na 14 ɗin, wataƙila na 15 ne ya ɗago. Ka ɗora gefen katin banki a kan firet uku, 14 da 15 da 16, in ya yi rawa shi ne. Kada ka goge shi tukuna, ka turo mana hoton gefensa mu ga ko zama ne bai yi ba a cikin katako.