Wai mi ne ribar su Jumia da Amazon?

Ɗan Ader: Salamu alaikum 'yan uwa, ni dai ina Tawa kuma abin na ban mamaki, kanti ba rumfa ba butik, kaya duka cikin waya, to ta ina suke cin riba?

Mai Katako: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Amazon ai da littattafai Jeff Bezos ya hwara a 1994 can Amurka, daga garejin gidanshi, sannan sauran kaya sunka biyo. Kaya da yawa ba ma nasu ba ne, 'yan kasuwa ne ka zuba hajarsu, in an saya kamfani ya cire kamasho, dillanci ne dai irin na kasuwar Katako ta Yamai sai dai su suna da manyan sito da motocin kai kaya.

Hajiya 'yar Wadata: Jumia kuwa a Legas anka buɗe ta 2012, har ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019. Amma nan Yamai wuyar ita ce adireshi, kana kwatance "bayan masallaci kusa ga mai shayi" ɗan kabu-kabu na ta yawo, kuɗin esansi ya cinye ribar.

Ɗan Ader: Hajiya ni atamfar da ban taɓa da hannu ba wallahi ba ni biyan ko dala.