Wanda ya ci tuwo ta waya, shin ya ci tare da iyalinsa?

Mai albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da ƙorafi a kan mutanen ɗakinmu, kuma ina so manya su raba mu. Ni ina kasuwar Mile 12 a Legas, iyalina kuma suna Funtuwa, ba na zuwa gida sai da salla ko in an yi rasuwa. Tun kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe Legas a ƙarshen watan Maris, daga baya kuma aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, na ɗauki wata al'ada. Bayan isha'i nakan jingina wayata a jikin buta in kira gida ta bidiyo, ni da shinkafa da wake a gabana, su kuma da tuwon masara a tsakar gida, mu ci tare. Autata takan yanko loma ta miƙo wa wayar, ta ce in buɗe baki. A da, a tsaye nake cin abinci tsakanin sauke mota da ciniki, cikina yana ƙuna, barci kuma sai rabi da rabi. Yanzu ƙunar ta tafi, kuma na tabbata cin abinci tare da iyalina ta waya ne ya warkar mini da gyambon ciki. Amma jiya, ina cikin ci, wani a ɗakin ya ce shi bai taɓa ganin mijin-ta-ce daga nisan kilomita ɗari-ɗari ba sai a kaina, sauran suka tuntsire da dariya, matata tana ji.

Dattijo, Agege (shugaban zaure):
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ƙara lafiya, amma ka gyara maganarka, domin ba ku ci tare ba. Kai ka ci naka a Ikko, su sun ci nasu a Funtuwa, kun dai kalli juna. Ci tare shi ne akushi ɗaya, hannuwa suna haɗuwa, babba ya ture wa yaro nama, shi ya sa Hausawa suka ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Mun taso mun tarar da ciyayya, kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida bayan magariba, mai miyar kuka da mai miyar taushe su zama ɗaya, baƙo kuma ba ya kwana da yunwa. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, sahabbai sun yi kukan suna ci ba sa ƙoshi, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce watakila a rarrabe suke ci, ya umarce su da su taru a kan abincinsu su ambaci sunan Allah. Ta yaya za a taru a kan abinci biyu da ke garuruwa biyu?

Malamin Islamiyya, Idi-Araba:
Baba, Allah ya gafarta maka, hadisin gaskiya ne, sai dai aya ta 61 a Suratun Nur ta ce babu laifi mu ci a tare ko a rarrabe, don haka kada a sa bawan Allah ya ji kamar ya yi wani saɓo. Kalmar kanta ma ba ta tsaya ga akushi ba. Idan aka yi wa mutum rasuwa a Sakkwato ka buga masa waya ka ce muna tare da ku, ba wanda zai ce ka yi ƙarya don ba ka zauna a kan tabarmar makoki ba.

Dattijo, Agege:
Malam, waccan tare ta zuciya ce, wannan kuwa ta baki ce. Ba a ƙoshi da ta'aziyya.

Ma'aikaciyar jinya, Surulere:
Baba da Malam, ku yi mini afuwa, amma kalmar da ta fi damuna a maganar yayana ita ce warkar, ba tare ba. Bari in fara da inda yake da gaskiya. Akwai jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da numfashi da narkar da abinci ba da umarninmu ba, kuma kashi biyu ne masu aiki kamar totur da birki. Kashi ɗaya yana tashi ne idan mutum yana cikin tsoro ko gaggawa: zuciya ta ƙara sauri, baki ya bushe, jini ya karkata ga gaɓoɓi, aikin hanji ya ragu. Ɗayan yana aiki ne idan hankali ya kwanta, kuma babbar hanyarsa ita ce jijiyar da likitoci ke kira bagus, ta 10 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa, wadda ta sauka ta wuya ta kai ga zuciya da huhu da tumbi da hanji. Wanda ke cusa abinci a tsaye yana rigima da 'yan dako, totur yake takawa a lokacin da cikinsa ke neman birki. Jiki ma yana fara shirin narkewa tun kafin loma ta shiga baki, abin da Ivan Pavlov na Rasha ya nuna a kan karnuka, wanda binciken narkar da abinci ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1904.

Game da waya kuma, a 2010 Leslie Seltzer da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun sa 'yan mata ƙanana yin jawabi da lissafi a gaban baƙi don hankalinsu ya tashi, sa'an nan wasu suka sadu da iyayensu mata, wasu kuma suka ji muryarsu ta waya kawai. Waɗanda suka ji muryar sun sami saukar kotisol, sinadarin damuwa, kusan kamar waɗanda aka rungume, alhali a gwajin da suka yi daga baya saƙon rubutu bai yi wannan aikin ba. Saboda haka muryar autarsa tana iya kwantar masa da jiki da gaske. Gyambon ciki kuwa, yawancinsa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke kawo shi, ko kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen da diklofenak. Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya sun karɓi Nobel a 2005 a kan gano wannan ƙwayar. Lafawar ƙuna ba ita ce warkewa ba, ya kamata ya je a gwada shi.

Direban tirela, Apapa:
'Yar'uwa, duk turancin nan mun ji, amma ban ga dalilin da zai sa a kawo kare cikin maganar abincin Musulmi ba. Mutum ya zo da kukansa, an ce masa wai cikinsa kamar na karen Rasha yake. Ni nakan yi kwanaki a layin shiga tashar jiragen ruwa, ina cin burodi da shayi ni kaɗai a kan sitiyari, kuma ban taɓa kwanciya asibiti ba.

Ma'aikaciyar jinya, Surulere:
Yaya, ban kamanta kowa da kare ba, na faɗi dabbar da aka yi gwajin a kanta ne kawai.

Hajiya mai abinci, Obalende:
Ni abin da ya ba ni mamaki daban ne. A gidajenmu na Arewa, mazan nawa ne suke sa hannu a kwano ɗaya da matansu? A kai wa maigida nasa turaka ko zaure ya ci da abokansa, mata da yara su ci nasu a ciki, in ka tambaya a ce kunya ce. Yau ga mutum ya zauna da matarsa da 'ya'yansa ko da ta waya ne, shi ne ake ce masa mijin-ta-ce, kuma masu yi masa gori a kan ciyayya ba su gaya mana ko mata suna cikin ciyayyar ba, bayan su ne suka tuƙa tuwon. Sai dai ƙanena ka tuna da ita ma baiwar Allah: idan sai ka tashi daga kasuwa za a buɗe kwano, to yara suna gyangyaɗi a kan tuwo mai sanyi don cikinka ya lafa.

Dattijo, Agege:
Hajiya, kunya ado ce, kuma iyayenmu da suka ci a zaure ba su ƙi matansu ba.

Ɗalibi, Yaba:
Ina neman izinin manya. Ba kowane kiran bidiyo ne ke kwantar da hankali ba. A 2021 Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya yi bayanin abin da ke gajiyar da mutane a irin wannan kira, ciki har da kallon fuskar kai a allo na dogon lokaci da kuma kafe ido a kan fuska daga kusa. Ƙari a kan haka, a hira ta ido da ido tazarar da ke tsakanin maganar mutum da amsar ɗan'uwansa ba ta kai rabin daƙiƙa ba, don haka idan sabis ya yi rauni, hoto ya daskare, lomar yarinya ta tsaya a iska, mutane su riƙa katse juna suna tambayar kana ji na, to totur ɗin da Anti ta ambata ne ke tashi. A Koriya ta Kudu har sana'a aka mai da cin abinci a gaban kyamara, ana kiranta mukbang, masu zaman kaɗaici suna kallo suna cin nasu.

Direban tirela, Apapa:
Wannan ɗalibin daga ji Bakano ne, duk dogon bayanin nan kuɗin data yake jin tsoro.

Ɗalibi, Yaba:
Kawu, Bakano ne ni kuma ban musa ba, amma ai Bazazzagin da ke cin burodi shi kaɗai a mota don kada yaron mota ya sa hannu bai kamata ya yi wa kowa gorin rowa ba.

Mai albasa, Mile 12:
Jama'a, na kawo ƙarar mutanen ɗakinmu, har yanzu Hajiya kaɗai ce ta taɓo su. Maganar magungunan kashe ciwo kuwa gaskiya ce, a da kullum sai na sayi na masu talla na sha da safe kafin in karya, saboda ciwon baya. Wata rana maiɗakina ta hango fakitin a gefen kwanona ta cikin wayar, ta hana ni sakat har na daina.

Ma'aikaciyar jinya, Surulere:
To yayana, ga babban dalilin lafawar ƙunar nan ka faɗa da bakinka. Ka je gwajin duk da haka.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba:
Wanda ya ga abin da ke gefen kwanonka har ya hana ka shan sa, ai yana tare da kai.

Dattijo, Agege:
Dare ya yi, a matsayina na shugaban zaure zan rufe maganar da abin da aka cim ma. Ma'aikaciyar lafiya ta tabbatar da cewa waya ba ta warkar da kowa ba, ɗalibinmu kuma ya kawo hujja daga Amurka cewa kallon allo gajiya yake jawowa, sa'an nan Hajiya ta nuna ana cutar da yara da tuwo mai sanyi. Malam ya kawo aya, mun karɓa, amma bai ce ci a rarrabe ya fi ba. Don haka mafi yawan masu magana sun yarda cewa ci tare shi ne ci a akushi ɗaya. Mutanen ɗakin su daina dariya, shi kuma mai albasa ya riƙa gaisawa da iyalinsa kafin abinci ko bayansa. Ciyayyarmu ta daren Juma'a tana nan bayan isha'i a ƙofar masallaci, masu zuwa daga Mile 12 su taho da albasa da tattasai, kuma wayar kowa ta zauna a aljihunsa har a wanke hannu.