Muhawara: Shin ya dace gwamnati ta ƙara wa yaƙi da shan taba kuɗi?

Tsohon malamin makaranta, Ƙofar Ƙaura:
A ganina, kuɗin da gwamnati take warewa don hana shan taba sigari asara ne a jiha irin tamu ta Katsina, inda tamowa da zazzaɓin cizon sauro suke ɗauke yara kowace damina. Mashayi ya san illarta, tunda hoton cutar yana jikin kwalin da ya saya. Raba matashi da wannan ɗabi'a aikin iyaye ne da limamai, kuma ba su taɓa neman kasafi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma, amma nawa ne kuɗin da muke jayayya a kai? Dokar taƙaita shan taba da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta kafa asusu na musamman, sai dai ba a zuba masa komai ba sai a kasafin 2023, inda aka ba shi naira miliyan 4.7, sannan miliyan 10 a 2024, kuma wannan na jihohi 36 ne da kuma Abuja. Ko an kwashe su duka an kai sashen tamowa, babu likitan da zai ga bambanci. Batun hoto kuwa, yaron da yake sayen kara ɗaya a wurin mai tireda ba ya ganin kwali, balle hoton da ke jikinsa. Dokar ta haramta sayar da taba kara-kara, ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma ku zagaya tashar mota ku gani ko akwai mai tireda ɗaya da ya san da haka.

Ɗan kasuwa, Babbar Kasuwar Katsina:
Hajiya, a nan muka rabu. Idan aka ba jami'ai kuɗin sintiri, mai tebur za su kama, ba kamfanin da yake da masana'anta a Ibadan ba. Tun 2018 ake karɓar haraji a kan kowane kara, kuma duk lokacin da farashi ya tashi, masu fasa-ƙwauri ta Jibiya da Kwangwalam ne suke cin riba.

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Alhaji, harajin da ka ambata shi ne hujjata. Gwamnati tana karɓar kuɗi daga taba, saboda haka ba alfarma ba ce ta mayar da wani kaso ga sanarwa a rediyo da Hausa, da horar da ma'aikatan asibitocin karkara yadda za su taimaki mai son dainawa, wanda yanzu nasiha kawai muke iya ba shi. Fasa-ƙwauri kuma aikin kwastan ne, ba dalilin barin doka a takarda ba.

Tsohon malamin makaranta, Ƙofar Ƙaura:
'Yata, ƙanƙantar kuɗin ba ta kawar da damuwata ba. Idan miliyan 10 ta zama biliyan ɗaya, ina tsoron ta ƙare a tarurrukan otal a Abuja. Zan goyi bayan ƙari ne kawai idan an rubuta a fili kason da zai iso ƙananan hukumominmu 34, da sunan ofishin da za mu tuhuma idan bai iso ba.