Na bar XML na koma @Configuration, @Transactional ya daina aiki

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Manhajar lissafin kaya ce ta wani kamfanin sufuri a nan Damagaram, an gina ta da Java da kayan aikin Spring 5.3 da Hibernate 5, tana gudana a kan sabar Tomcat 9. Lokacin da saitinta yake cikin fayil ɗin applicationContext.xml komai lafiya lau.

Na kwashe saitin zuwa wani class na Java, AppConfig, mai @Configuration da @EnableTransactionManagement, na ɗora @Service da @Transactional (alamar da ke sa a yi ajiya cikin transaction, wato ko duka ta shiga ko a fasa duka) a kan StockService, class ɗin da ke kula da kaya. Manhajar tana tashi, tana karanto bayanai daga rumbun bayanai na PostgreSQL ba matsala. Amma da zarar mai kula da sito ya danna maɓallin ajiye sabon kaya, sai kuskuren TransactionRequiredException ya fito, wai babu transaction: "No EntityManager with actual transaction available for current thread".

Abin da ya fi ɗaure mini kai, na sa log a constructor, sai ga StockService ana ƙirƙirarsa sau biyu. WebConfig, class ɗin saitin ɓangaren yanar gizo, nake zargi, don @ComponentScan ɗinsa (mai nemo class ɗin da Spring zai ƙirƙira) duk fakitin yake kwashewa, har da StockService. Na ƙara masa includeFilters na @Controller kaɗai, na goge cache ɗin Tomcat, jiya i yau. Komawa XML kuwa ba na so, fayil ɗin ya yi tsawon da ba mai iya bin sa.

Don Allah, yaya zan raba @ComponentScan tsakanin AppConfig da WebConfig har StockService ya zama guda ɗaya, mai transaction? Na gode.