Jan farce ko lalle?

Ƙanwarku daga Birni: Assalamu alaikum, yayyena. Ina sha'awar yi wa farcena ado a gida, amma jan farcen da nake saye a Kasuwar Dole yana ɓarewa da wuri. Yaya zan yi?

Wata yaya daga Zango: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki goge maiƙon farcen, ki shafa kaɗan sau biyu, kina barin shafin farko ya bushe.

Wata uwa: Ɗiyata, ki tuna cewa jan farce yana hana ruwan alwala taɓa farce, shi ya sa malamai suka ce a goge shi kafin alwala. Lalle kuwa rini ne kawai, ba ya tare ruwa, kuma ni shi na fi so.